Neman Muryar Baba a Bakin Kwata

Kano, ƙarfe 5:40 na asuba

Ranar Alhamis na fita daga gidan yayana a Unguwa Uku, inda ni da Umma muke zaune tun rasuwar Baba. Ta rako ni har ƙofa da carbi a hannu. "Hauwa, ko tarinsa ne kika samu, ki kawo min."

Shekara huɗu Baba, Malam Sale, yana sanar da rabon ruwan ƙauyenmu a wata 'yar manhaja mai suna Zaure, wadda wasu matasa suka ƙirƙira wa masu noman rani. Murya kawai ake turawa. Kullum bayan sallar asuba zai yi sallama, ya faɗi gonar da ruwa zai shiga, kuma babu mai cewa uffan sai ya gama. Bara wani babban kamfanin fasaha ya saye Zaure don ya shigo harkar sada zumunta. Ya kawo sabuwar manhaja, ya ce tsohuwar za ta rufe Juma'ar wannan makon da rana, da duk muryoyin cikinta. Wayata ta sauya kanta da kanta. Na buɗe, babu Baba. Fatana shi ne in sami wanda tsohuwar ke wayarsa har yanzu.

Motar Kura ta cika ƙarfe shida da kwata. A Kwanar Dawaki jami'ai suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ce mu wuce. Daga gadar Tamburawa na fara jin ƙamshin ƙasa mai laima, irin wanda ke manne a rigar Baba.

Kura, ƙarfe 7:10

Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na nufi injin casar shinkafa na Alhaji Tanimu, aminin Baba. Ya sa aka kashe injin don ya ji ni.

"'Yar Malam, kin makara. Duk mun sauya, kuma mun yi nadama." Ya miƙo min wayarsa. Hotunan biki ne da bidiyon barkwanci a sama. "Kin gani? Abin da jama'a suka fi dannawa shi ke hawa, ba abin da aka fara faɗa ba. Wa zai danna wa sanarwar ruwa? Sai ta nutse can ƙasa. Ƙanena ya ga tasa bayan kwana biyu, tumatirinsa ya riga ya kwanta."

Na tambaye shi ko mutanen kamfanin sun zo.

"Sun zo da riguna da huluna, suka ɗauke mu hoto. Da sun kwana ɗaya, sun ji yadda muke magana da asuba, da sun gane. In za ka shiga zauren mutane ai sallama kake yi, ka zauna inda aka nuna maka. Su kuwa tabarmar suka fara naɗewa."

Ya ce in gwada Baba Haruna na gefen Bunkure. "Wayarsa ta girme ki. Ba na jin ta yarda da sabon abu."

Hanyar Bunkure, ƙarfe 9:30

Na hau babur. Muka bi gefen babbar kwatar ban-ruwa, ruwa na tafiya a hankali kamar mai rakiya. Albasa a dama, shinkafa a hagu, farar balbela na bin shanu. Mai babur ya ce, "Hajiya, kuka kike yi ko iska ce?" Na ce iska ce. Sai ya rage gudu.

Minti arba'in muka yi. Baba Haruna ba ya gida, sai da na taka wajen kilomita ɗaya a kan kunya kafin na same shi yana toshe bakin ruwa da fartanya.

Gonar Baba Haruna, ƙarfe 10:45

"Hauwa'u ce? Ikon Allah, tafiyar ubanki sak!"

Ya ciro wayar daga leda. Fuskarta a tsage, an ɗaure ta da roba. "Jikokina sun yi sun yi su sa mata sabuwar manhajar, ta ce ba ta da wuri. Ni da ita duk mun ƙi zamani."

Zaure na nan. Sai dai shi ma, kamar kowa, yana goge saƙo da zarar ruwa ya shiga gonarsa, don wayar ta huta. Muka yi ta ja ƙasa. Guda ɗaya ya rage, na daƙiƙa talatin da takwas.

"Wannan ban iya gogewa ba," in ji shi. "Washegarinsa aka kai shi asibiti."

Babu hanyar turawa, kamfanin ya rufe ta. Na kunna naɗar murya, na kara wayata a bakin tasa, ya danna. Baba ya yi sallama, ya yi tari, ya ce ruwan yau na su Haruna ne har azahar, a yi haƙuri da juna. Can bayansa aka ji muryar mace tana cewa, "Malam, kokonka zai huce."

Baba Haruna ya juya yana duba albasarsa, ya daɗe bai waigo ba. Matarsa ta aiko da dambu, na ci loma biyu don kada ta ji babu daɗi. Ya ɗaura min albasa a buhu, ya hana ni yin musu.

Kano, ƙarfe 4:20 na yamma

Na sami Umma a kan dadduma bayan la'asar. Na ajiye wayar a gabanta na danna.

"Assalamu alaikum, jama'ar kwata."

"Wa alaikumus salam, Malam," in ji Umma, a hankali, kamar yana ƙofar ɗaki. Da ta ji muryarta a ƙarshe sai ta rufe baki da mayafi. "Bai sha ba ranar. Ya huce."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Tanimu da ya kashe injinsa domina, da Baba Haruna da tsohuwar wayarsa da ta ƙi sauyawa. Juma'a da rana Zaure ya rufe. Mu dai muna da daƙiƙa talatin da takwas, kuma kullum da asuba Umma tana amsa sallamar.