Duron Baba a Saman Bene

Mahaifina ya tsufa a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, kuma dabararsa ɗaya ce, kada a san da shi. Ko tari zai yi sai ya shiga ɗaki. A unguwar masana'antu ta Jidda yake aiki, wurin masu adon silin na jibis, wato farar filasta, yana tsefe zaren sisal, irin na igiya, da ake cusawa a ciki don kada ya tsage. Kullum ya dawo unguwarmu Kurayyat hannunsa duk ƙaiƙayi.

Abin da ya fi tsana shi ne canjin tukunyar gas, don motar masu kamen marasa takarda ta saba tsayawa kusa da shagon. To wani abokin aikinsa ɗan Tanzaniya ya ba shi labarin cewa a garinsu dusar sisal ake jiƙawa ta ruɓe, ta ba da gas ɗin girki. Baba bai tsaya jin ƙarshen zance ba, halinsa ke nan. Can garin nasu ɗanyen ganyen sisal suke matsewa. Shi kuwa busasshen zare ya share daga ƙasan masana'anta, ya cika buhu ya kawo mana.

Ya samo duro, ya zuba zaren da ruwa a ciki, ya liƙe bakinsa, ya jawo tiyo daga saman bene har kicin. Wata guda shiru. Umma ta ce, "Malam, igiya fa kake jiƙawa."

"Halas, ya isa, ki bar ni da abina," in ji shi.

Sai ya fara ƙara masa kashin tumaki da ragowar shinkafa. Ni nake hau masa da bokitin, ina toshe hanci, ina jin haushinsa. A zafin Jidda kwana uku ya isa. Warin ya sauka bene, ya shiga gidan maƙwabta, ya kai bakin masallaci. Mutumin da ko tari ba ya yi a waje, ga shi duk layi ana tambayar gidan wane ne.

Na ce, "Baba, mu zubar."

Ya ce, "Ya binti, 'yata, saura kaɗan. In ya kama, ni da shagon nan har abada."

Ban san wanda ya kai ƙara ba, kuma na daina son sani. Ma'aikatan baladiya, wato hukumar gari, suka zo duba wari, suka nemi takarda, sauran kuma ba sai na faɗa ba. Da silifas ɗin wanka aka tafi da Baba tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Bayan kwana tara mai gidan da muke haya ya ce a sauke duron. Kafin in cire tiyon, ban san me ya sa ba, na ƙyasta ashana a bakin murhun. Wuta ta kama, shuɗiya, siririya. Umma ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗora shayi.

Da Baba ya kira daga Kano, muryarsa ta dushe, bai tambayi lafiyarmu ba tukuna. Ya ce, "Ya kama?"

Na so in yi masa ƙarya, don har ranar ina fushi da shi. Na ce, "Ya kama, Baba. Shayi kofi biyu muka dafa."