Hucin da Ya Hana Mu Isa Bakin Teku

Mun tashi da asuba ranar Asabar, sanyin ƙarshen shekara na Doha yana ratsa hijabi. In kun ga maganata tana tsalle ku yi mini uzuri. Da yawanku kun ga hoton motar da na ɗora da safiyar ranar, kuna ta tambaya ina hotunan bakin teku. Babu su, jama'a. Ba mu isa ba.

Mu biyar ne: ni da maigidana, da wansa da muke kira Yaya, da matarsa Anti, sai 'yarsu mai shekara uku. Yaya injiniya ne a wajen aikin gas, a unguwar Wukair suke zaune. Mu kuwa muna Muntazah, ɗaki da falo a saman wani shagon wanki da guga. Maigidana direba ne, ni kuma ban cika shekara da zuwa ƙasar ba. Motar, Yaya ne ya aro ta wajen abokin aikinsa. Irin mai ɗaki a cikin nan ce, wadda Larabawa ke ce wa karafan: ga gado, ga doguwar kujera, ga wurin wanke-wanke da murhun gas, har da ɗan banɗaki. Da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai da mai wankin ya fito da dutsen guga a hannu yana kallo. Na shiga na duba, na ce a raina wallahi ta fi falonmu faɗi.

Maza suka zauna gaba, mu muka yi baya. Akwai labule mai kauri tsakanin wurin direba da ɗakin, Anti ta ja shi ta rufe ruf, ta sauke labulen tagogi, ta ce, "Cire hijabin nan ki sha iska, amarya, nan ɗakinmu ne." Na ji daɗin hakan, don tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da Yaya ba. Gaisuwa a durƙushe, in ya tambaye ni abu ƙasa nake amsa wa.

Kafin mu bar gari muka tsaya a wani ɗan shagon shayi a Gharrafa. Yaya ya danna ham, ma'aikacin ya fito da gudu, aka kawo karak, wato shayin madara mai kaurin nan, da capati, burodin nan mai faɗi, da ƙwai a ciki. Abin da ke ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne komai da tsada, amma shayi da capati ko mai gadi yana iya ciyar da mota guda. Yarinyar ta cinye nata ta miƙo hannu tana neman nawa. Ita dai ba ta san zama ba. Ta hau gado, ta sauko, ta buɗe kowace durowa, ta tambaye ni ko teku yana da ƙofa.

Muka hau titin Shamal, wanda ya miƙe arewa. Titi ne shimfiɗaɗɗe, babu rami ko ɗaya, hagu da dama fili ne fari fat, sai jefi-jefi ka hango gona da itatuwan dabino ko garken raƙuma. Motocin Larabawa suna ta wuce mu kamar an koro su, wasu na jan nasu karafan ɗin.

A nan na fara jin abin. Ssssss. Siriri, daga ƙarƙashin kujerar da nake zaune. Ni 'yar ƙauye ce ta wajen uwa, abin da ya fara zo mini maciji ne, sai ga ni na naɗe ƙafafu a kan kujera. Anti ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce macijin da zai shigo Doha sai ya nemi biza. Amma ita ma ta saurara, ta ji. Ta buɗe durowar da tukunyar gas take, ta murɗa kanta ta tabbatar a rufe take. Hucin bai daina ba.

Da na natsu sai na lura ba kullum yake yi ba. In Yaya ya taka totur zai wuce babbar mota, sai ya taso da ƙarfi. In ya ɗaga ƙafa, sai ya ɗauke ɗif. Ya taka, ssssss. Ya saki, shiru. Na daɗe ina bin sa da kunne har na tabbata.

To ta yaya zan faɗa? Ba zan ɗaga murya ta cikin labule in yi wa wan miji maganar tuƙinsa ba. Sai na ɗauki waya na tura wa maigidana saƙo, yana zaune taku kaɗan daga inda nake: akwai abin da ke huci a bayan nan. Bawan Allahn nan sai ya karanta wa Yaya da ƙarfi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya dai bai yi wasa da maganar ba, ya shiga gidan mai na gaba ya tsaya. Ta gefen labulen taga na ga sun zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya suna kara kunne. Suka buɗe gaban motar, maigidana ya bi robobin iska da na ruwa da hannu yana matsawa, ya duba ko ruwan lagireto yana tafasa. Suka leƙa wajen tukunyar gas. Inji yana ta aiki a hankali, babu huci ko kaɗan. Yaya ya dawo ya ce wa Anti ta bayan labule, "Ki ce wa amaryarmu ta kwantar da hankalinta, iska ce ke shiga ta gefen taga. Yalla, mu tafi." Ina zaune ina gani babu wanda ya taka totur a duk dubawar nan. Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

Muka ci gaba. Su a gaba sun sauke gilashi suna shan iskar safe, muna jiyo su suna gardamar ƙwallo. Mu a baya komai a rufe. Can sai wani ɗan wari ya fara tasowa, kamar na tashar mota. Anti ta yatsina fuska ta ce motar maza ce, wa ya san rabon da a share ta. Ta ciro ɗan kaskon turarenta na caji, ta zuba turaren wuta mai kyau na Maiduguri, ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Warin ya ɓace. Har na yaba mata.

Daga nan kaina ya fara sarawa, daidai goshi. Zuciyata ta riƙa tashi. Na gaya wa Anti, ta dube ni sama da ƙasa tana murmushi.

"Ciwon kai da tashin zuciya da safe? Amarya, ko dai an gamu ne?"

"Kai, Anti, don Allah."

"Ni ma nawa kan yana ciwo, amma ni rashin barci ne. Ke kuwa sai mun je an duba mana ke."

Yarinyar ta daina hawa da sauka. Ta kwanta a ƙasa kan dardumar da ke gaban kujerata, ta rungume takalminta, ta yi barci. Anti ta ce alhamdulillahi, yau an samu lafiya, kada ki tashe ta. Ita ma ta jingina da gado, ba a jima ba na ga wayarta ta zame daga hannunta.

Ni ma barcin ke jana, wani irin barci mai nauyi, kamar an ɗora mini buhu a ka. Abin da ya hana ni tafiya hucin nan ne, don duk sanda ya taso sai gabana ya faɗi. Sai na ga amai yana gangarowa daga gefen bakin yarinyar, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba. Na durƙusa na ɗago ta. Wuyanta ya langaɓe. Na kira ta, na jijjiga ta, na ɗan mare ta a kumatu. Hannunta ya faɗo kamar tsumma. Na kira Anti, ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta sake rufewa.

Ban san sanda na miƙe ba. Na fizge labulen har ƙarfensa ya faɗo, na damƙi kafaɗar Yaya da hannuna ina ihu, "Tsaya! Ka tsaya! Ba ta motsi!"

Ya taka birki ya gangara gefen titi. Ya sunkuci 'yarsa ya yi waje da ita, maigidana ya jawo Anti tana tangaɗi. Iskar waje ta buge ni, na durƙusa na yi ta amai a kan tsakuwa. Yaya ya kwantar da yarinyar a gefenta, ya kara kunne a hancinta, ya ce tana numfashi. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba, yana riƙe da waya yana magana da masu motar asibiti, Turancin yana kakkarye masa. Suna ta tambayarsa me ta ci, me ta sha, me ta shaƙa. Ya juyo yana tambayarmu, capati ne? Gas ne? Anti, da ta fara dawowa hayyacinta, ta ɗora hannu a ka tana cewa turarenta ne, ita ta kashe 'yarta.

Na ce, "Yaya, hucin nan ne. Sai ka taka totur yake yi. A gidan mai ba ku taka ba. Kuma ba a gaba yake ba, a ƙarƙashin kujerata yake."

Maigidana ya tsaya cak yana kallona. Sai ya ruga ya tayar da motar, ya ɗauko tsumman goge gilashi ya dunƙule ya cusa a bakin salansa ta baya. Ya ce in danne shi da takalmina kada in saki. Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ina dannewa, hayaƙin ya rasa hanyar fita, sai ga hucin ya taso, wannan karon da ƙarfi, motar tana tsaye, kowa ya ji. Ssssss. Shi ne. Ko a cikin barci zan gane shi.

"Ga shi nan!" ya yi ihu daga ƙasa. "Bututun salansa ne ya tsage, wurin ya yi baƙi ƙirin. Innalillahi. Yaya, akwai rami a saman wurin, inda bututun ruwa ya shiga ɗakin, robar ta cinye. Hayaƙi suke shaƙa tun daga Gharrafa!"

Yaya ya faɗa wa na cikin wayar. Suka ce a kashe motar, kowa ya yi nesa da ita, kada a bar yarinyar ta kwanta rigingine.

Wata mota ta tsaya, wani dattijo Balarabe da iyalinsa. Ya sauke katan ɗin ruwa, ya tsaya yana ɗaga wa motoci hannu su rage gudu. Matarsa ta zo ta yafa mini baƙin gyale. Sai a lokacin na san kaina a buɗe yake, a gaban Yaya, a gaban duk mai wucewa a titin Shamal.

Motar asibiti ba ta daɗe ba, ko da yake ni na ga kamar shekara. Tun kafin su ɗora ta a gado suka rufe mata fuska da abin iskar oksijin, ni da Anti ma aka sa mana. A cikin motar ina kallon ɗan ƙirjinta yana hawa yana sauka, ban iya addu'ar komai ba sai "Ya Allah, Ya Allah."

A asibiti aka ɗebi jininmu. Likitar ta yi bayani, Yaya ya fassara mana. Ta ce a cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, mutum ya yi ta jin barci har ya wuce. Yarinya ta fi mu shaƙa saboda ƙanƙanta, kuma a ƙasa ta kwanta, kusa da ramin. Gilashin da maza suka sauke a gaba ma ƙara zuƙo hayaƙin yake yi zuwa cikin ɗakin. Ta ce wa Anti turarenta bai sa wa kowa guba ba. Anti ta ce, "Amma shi ya rufe warin."

Bayan la'asar yarinyar ta buɗe ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kai hannu tana ƙoƙarin cire abin da ke fuskarta, ta ce da 'yar muryarta, "Mun zo tekun?" Yaya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

A asibitin muka kwana da ita, washegari aka sallame mu, aka ce a sa mata ido na wasu makonni, in an ga mantuwa ko yawan barci a dawo da ita. Karafan ɗin kuwa motar janwe ce ta kai shi gareji. A tasi muka koma Muntazah, na sauke gilashi tun daga ƙofar asibiti har gida, direban yana ta waiwayena saboda sanyi.

Abin da na koyo ba shi da yawa, amma a jikina na koye shi. In mota tana ƙara sai an taka ta, to a taka ta a duba, kada a tsaya kallonta tana aiki a hankali a ce khalas, shi ke nan, lafiya lau. A tambayi wanda ya ji ƙarar daga ina take fitowa. Baƙon wari a mota ba na turare ba ne, na buɗe taga ne da tsayawa. In mutum biyu suka kamu da ciwon kai lokaci guda a rufaffen wuri, a fita. Yaron da bai saba barci a mota ba in ya yi shiru, a taɓa shi. Kunya kuma tana da wurinta, ban ce a yar da ita ba, amma ni dai na daina haɗiye magana in rai ne a ciki.

Har yau ban iya barcin rana ba, ina rufe ido sai in ji wuyanta yana langaɓewa a hannuna. Ɗazu da safe Anti ta turo mini saƙon murya. Ba ta ce komai ba a ciki, yarinyar ce kawai take tsala ihu wai ba za ta yi wanka ba, tana buga bokiti da ƙafa. Na saurara, na sake saurara. Yanzu ma da na ajiye rubutun nan shi zan kunna.