Murfin zarton da bai dawo ba

Ina cikin tsaga katako maƙwabcinmu mai walda ya leƙo shago, ya ɗaga mini hannu in kashe inji. Sai da ƙarar ta mutu ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." Baba shi ne ubangidanmu, a hannunsa muka koyi aikin kafinta.

Wata Juma'a ta faɗo mini a rai. Mun dawo daga masallaci, abokin aikina Lawal bai ko tuɓe babbar riga ba, ya cire murfin da ke rufe haƙoran zarton inji wai don ya ga layi sosai. Katakon ɗanye ne. Ya matse haƙoran zarton, ya harbo baya, ya wuce ta gefen haƙarƙarinsa ya fasa randa. Hannun rigar na lilo dab da haƙoran lokacin da Baba ya fizge Lawal. Shagon ya cika da ƙaurin itace.

Baba ya ce, "Ɗan nan, tuɓe rigar, mayar da murfin. A gefen katako ake tsayawa, ba a bayansa ba. A wannan zamani in ka rasa hannu, wa zai yarda zarto ne ba alƙali ba?" Babu wanda ya yi dariya.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Makon jiya murfin ya tsage, Baba ya tafi da shi gida zai gyara. Zarton na nan a buɗe, ga ƙofofin da mutanen garin Sandamu suka ba mu aiki ba mu gama ba.