Ranar da Aka Ce Na Naɗe Ƙasa

A kwalejin horon malamai na tsinci kalmar, cikin wani yagaggen littafin Turanci na labarin ƙagaggun injuna: telefoteshan. Ma'anarta mutum ya ɓace nan, ya bayyana can, babu tafiya a tsakani. Da na je hutu ƙauyenmu Babban Duhu na yi ta baza ta kamar ni na ƙera. Baffana ya saurara yana tufkar igiyar shanu, ya ce wannan ai naɗin ƙasa ne, waliyyai sun daɗe suna sallar Juma'a a Makka su dawo kafin fura ta yi tsami. Na yi masa dariyar ɗan boko.

Ni ɗan fari ne, kuma Innata Bafulatana ce mai kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan" ko "kai". Na san al'ada ce, amma abin ya ci mini rai tun ina ƙarami, ina ta jiran ranar da bakinta zai suɓuce.

Shekarun da kuɗin man fetur ya kwaso mu zuwa Kaduna, wani direba ya kawo mini takarda cewa jikin Inna ya yi tsanani. Na ce sai na gama makon aiki. Ran Alhamis ma silima na je, takardar na aljihuna. Asabar na kamo hanya, damina ta cinye ta, daga Safana sai a ƙasa. Na tarar an kwana biyu da rufe ta.

Goggona, wadda ta yi jinyarta, ta tare ni ba ko ɓacin rai. Ta ce ai na kyauta da na zo ran Alhamis da la'asar. Inna ta sa an shimfiɗa mini tabarma, ta juya ga ƙofa, ta kira sunana sau uku, tana hira da ni har ta cika. Su ba su gan ni ba, amma sun san Allah na naɗe wa bayinsa ƙasa. Baffa kuwa kallona kawai yake.

Ban ƙaryata ba, tsoro da kunya suka rufe mini baki. Da muka keɓe na roƙi Goggo ta faɗa mini yadda sunan ya fito daga bakinta, ko da sau ɗaya.

Ta dube ni da mamaki. "Kai da aka kira, ka amsa, ni za ka tambaya?"