Ƙofar da Tabawa ta Buɗe wa Ruwa

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, da an idar da Magariba sai mu hau saman soro, don ɗaki ba ya zaunuwa saboda zafi. Kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan hura gawayi ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Sai ta riƙe mini ƙafa ta ce, "Ya waladi, yarona, zauna. Ga ta nan ta taho muku."

Labarin Tabawa na fi roƙo. Sitti ta ce a bakin tekun Sudan, kusa da zangon da maniyyata ke jiran jirgin ruwa, akwai wata fadamar gishiri. Kullum teku na shiga yana fita, ciyawa kore shar, awaki na ƙoshi. Sai mazan zangon suka tare bakin fadamar da duwatsu don su samu hanyar wucewa. Da teku ya cika ya tsallake duwatsun, ya rasa ta fita. Ruwa ya kwanta, ya yi baƙi, ya yi wari. Ciyawa ta ruɓe. Nonon akuyar Tabawa, wata tsohuwa a zangon, ya ƙafe, ga jikanta maraya da shi kaɗai yake sha.

Tsohuwa ta ɗauki fartanya ta hau haƙa.

"Inna, za ki ɓata mana hanya!" in ji mazan.

"Ban ce ku rushe ba," in ji ta. "Ku dai bar wa ruwa ƙofa."

Hannunta ya yi kanta har ya fashe, amma ta huda. Baƙin ruwan ya bi ramin ya fice.

"Ciyawar ta dawo, Sitti?"

"Jirgi ya riga ya zo. Ta goya yaron ta hau."

"To, ta dawo?"

"Allahu a'alam."

Haushi kan hana ni barci.

Yanzu katafila nake tuƙawa. Bara kamfaninmu ya kai mu gaɓar teku kudu da Jidda, inda wani titi ya toshe wa irin wannan fadama numfashi. Muka sa kwalbatoci a ƙarƙashinsa, muka tsaga magudanai cikin laka. Ranar da ruwan ya ɓalle ya nufi teku, na kashe inji na tsaya ina kallo. Ba a jima ba aka dawo da ni aiki Makka.

Da ina ganin Sitti rowar ƙarshen labari take mana. Sai yanzu na gane ita ma ba ta sani ba, domin wanda ya buɗe wa ruwa hanya ba kasafai yake nan ba ranar da ciyawa za ta fito. Sanin hakan bai kwantar mini da hankali ba. Ranar Juma'a na tuƙa mota har can. Lakar tana nan toka-toka, ko tsiro ɗaya babu. Amma warin ya tafi, kuma da na taka, ƙananan ƙaguwa suka watse cikin ramukansu.