Gurbin Igiyar Kakata

Wata ranar Alhamis ce cikin bazara, shekarar da aka kawo pampo unguwarmu a Tasawa, ina 'yar shekara tara. Na dawo daga kai wa Baba fura wurin sharar gona, sai na iske samari huɗu sun cicciɓo gungumen kiryar da ke gicciye a bakin tsohuwar rijiyarmu, sun yar gefe, ɗaya yana wasa gatari. Wai mai unguwa ya ce tunda ruwa ya iso daga shato, babban tankin ruwan gari, a rufe rijiyar kada yaro ya faɗa, itacen kuma a faskara a dafa abincin walimar buɗe pampo.

Rufe rijiyar bai dame ni ba ko kaɗan. Rijiyar da ta cinye mani tafin hannu da kanta, ta sa kullum sai an gama jera sahu nake isa lakwal, makarantar bokonmu, mushe malaminmu yana harara ta! Gungumen ne ya tsaya mani a rai. A kansa mata ke ɗora igiyar guga, shekara da shekaru, har igiya ta ci itacen ta yi gurabe masu santsi, kowane gida da nasa. Ka sa igiyarka a gurbin wani, ranar za ka ji baƙar magana. Namu shi ne na uku daga gabas. Kakata Hajo, wadda idonta ya riga ya tafi, takan sa in kai ta can ta laluba shi, tana ce mani uwarta ce ta fara shi tana amarya.

Na sheƙa gida na faɗa mata. Ƙafa ba ta kai ta, sai ta ce, “Tahi ki zamna bisa shi, kak ki tashi.”

Na je na haye, na rungume itacen ina kuka, majina har baki. Samarin suka yi ta dariya, mai gatarin ya ce zai haɗa da ni ya faskara. Tsoro na ji sosai, amma ban sauka ba. Kukan nawa ya fito da mata, kowacce ta zo tana nuna gurbin gidansu, ana ambaton waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da mai unguwa ya iso ya ga taron, ya ce shi dai itacen girki yake nema. Kafin la'asar kowane gida ya kawo ɗauri guda na itace, aka ƙyale gungumen.

Yau gungumen yana nan ƙarƙashin dogon yaro kusa da pampo, a kansa mata ke zama suna jiran bidonsu ya cika. Ina kewar hayaniyar bakin rijiya, amma ba na fatan kowa ya koma jan guga. Bara na kai ɗiyata, na ɗora yatsanta a gurbinmu, ta tambaye ni wane masassaƙi ya yi wannan aiki. Na ce mata ba masassaƙi ba ne, iyayenta mata ne.