Wayar Oga Bitrus Ta Yi Ƙara

Da safen nan aka kira ni, wai Oga Bitrus ya rasu. Na ce to. Na ajiye waya na ci gaba da guga, sai da na ji ƙaurin ƙuna.

Har yanzu ban yi kuka ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne shugabanmu a sashen sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Tun kafin a kawo mana kwamfuta yake bin lungunan unguwar Karmo da ƙafa, yau ƙyanda, gobe sanƙarau.

Shekarar da kwalara ta ɓarke na fara aiki da shi. Na zo da rigar ofis da kati a wuya, ina ta iyayi. Ya tsayar da direba tun a bakin titi, ya ce, "Sadiya, cire wannan abu. A Karmo motar gwamnati rusau ne. Idan sun gan mu haka, za su ɓoye mara lafiya a ɗaki har ya mutu."

Da silifas muka shiga. Ya zauna wajen mai shayi, ya ja 'yan garuwa da hira, ya tambayi mai kemis wane magani ne ke saurin ƙarewa. Haka muka gano rijiyar da ta jawo abin. Duk unguwar lambarsa suka sani, ba ta ofis ba.

Idan lokacin sallah ya yi, shi yake tuna min, ya tsaya a rana riƙe da jakata.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne. Ya rame, amma bakin nan yana nan. Ya ce, "Damina ya zo fa. Kar ki zauna a AC kina jiran report."

Ɗazu ina gidansa a Gwarinpa, wayarsa ta yi ƙara. Madam, matarsa, ta kalle ta, ta miƙo min. Mai kemis ne daga Karmo.

"Oga, yara suna ta gudawa a layinmu. Ban gaya wa kowa ba sai kai."

Na ce Oga ba ya kusa, Sadiya ce. Ya ce, "To ki zo. Amma ban da mota."

Na kasa faɗa masa. Yanzu haka ina cikin keke, da silifas.

Allah ya ba ka hutawa, Oga. Allah ya ba Madam da yara haƙuri. Don Allah kowa ya sa shi a addu'a, ku haɗa da yaran layin nan.